A Tambayi Talaka Kafin A Ƙera Masa Mashin Mai Caji

Malam Edita,

Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in tofa albarkacin bakina a kan wata magana da ta fara yawo a majalisu da bakin kasuwa a nan Zariya, wato maganar mashin da keke napep masu aiki da caji maimakon fetur. Wasiƙar za ta ɗan yi tsawo, a yi mini haƙuri. Ni ba ɗan boko ba ne, iyakata firamare. Da damina ina noma a wajen Dakace, sauran watanni kuma ina zaune a ɗan teburina na tireda a Tudun Wada. To amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma shekara ashirin da wani abu ke nan ina bisa mashin.

Bari in fara da zirga-zirgata, domin irinta ce ta yawancin masu karatu. Da safe in sauke yara biyu a makaranta, in ƙetare Kubanni in shiga kasuwar Sabon Gari in saro kaya, in dawo. Wannan tafiyar ba ta kai kilomita 5 ba. Wata rana a aike ni cikin birni ta Ƙofar Doka, wata rana dubiya a asibitin Shika ko ta'aziyya a Samaru. Da damina kuma gona, zuwa da dawowa. Na sa ido a kan agogon mashin ɗina wata guda cur, ban ga ranar da na wuce kilomita 40 ba, in ka cire ranar da na ci kasuwar Giwa. Ashe ni ba matafiyi ba ne, ɗan kai-da-kawo ne kawai a cikin gari. Amma wannan ɗan kai-da-kawon shi ne yake neman cinye jarina.

Ina saurayi a zamanin Janar Abacha ana sayar da litar mai naira 11, ko da yake a lokacin sai ka kwana a layi ko ka je wurin 'yan bumburutu. A 2012 aka yi ta rigima har aka tsaya a naira 97. A 2016 ya koma 145. Muna ta kuka, ashe ba mu ga komai ba. Ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Tinubu ya faɗa a wurin rantsuwa cewa tallafin mai ya tafi. Litar da ba ta kai naira 200 ba, kafin mako ya zagayo ta haura 500, a watan Yuli ta kai 617, a Oktoban 2024 kuwa ta wuce naira dubu. Ya ɗan sassauto a 2025, amma bai koma inda talaka zai ce alhamdu lillahi da ƙarfi ba. Kowa ya ga abin da ya biyo baya. Magidanta da furfura suna takawa a ƙasa daga Tudun Wada har Babban Dodo. Ɗan acaba yana kashe mashin a kowace gangara. Buhun da za a ɗauko maka daga gona, kuɗin ɗauko shi ya kusa kamo kuɗin casarsa.

A cikin wannan hali ne wata rana ina tsaye a PZ sai wani yaro ya wuce ni a kan mashin, shiru kamar an yi ruwa an ɗauke. Na ɗauka mai ne ya ƙare masa yake gangarawa, har na fara tausaya masa. Sai na ga ya hau tudu bai sauke ƙafa ba. Wallahi sai da na bi shi na tsayar da shi. Ba tanki, ba salansa, ba fulogi, ba kafireto, ba wurin zuba baƙin mai. Batir ne a ƙarƙashin kujera, injin kuma yana cikin cibiyar tayar baya. Daga ranar nan na shiga bincike, ina tambayar duk wanda na ga alamar ya sani, ina kuma kasa kunne a rediyo.

Abin da na gano shi ne maganar ba sabuwa ba ce, mu ne ba mu waiwaye ta ba sai da wuya ta yi wuya. Akwai ɗanmu na Arewa, Jelani Aliyu ɗan asalin Sakkwato, wanda ya yi aiki a kamfanin General Motors na Amurka, shi ya zana surar motar nan mai lantarki da ake kira Chevrolet Volt. A 2017 Shugaba Buhari ya ba shi shugabancin hukumar tsara ƙera motoci ta ƙasa, NADDC, kuma a zamaninsa, a 2021, aka buɗe tashar cajin mota mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. A daidai wannan lokaci aka fito da wata mota mai caji, Hyundai Kona, wadda aka harhaɗa a Legas. Madalla da wannan. Sai dai kuɗinta ya haura naira miliyan ashirin tun a wancan lokacin, saboda haka mu dai a hoto muka gan ta. Wanda ya fi matsowa kusa da mu shi ne wani matashi a Maiduguri, Mustapha Gajibo, wanda ya riƙa cire injin ƙananan motocin bas da keke napep yana sa musu batir, suna ɗaukar fasinja a cikin gari. A watan Disamba na 2023 kuma Shugaban ƙasa ya je Maiduguri ya ƙaddamar da motocin haya da Gwamna Zulum ya sayo, cikinsu har da masu caji. A waje kuwa abin ya yi nisa. Ƙasar Ruwanda ta daina yi wa sabon mashin ɗin haya mai shan fetur rajista a Kigali daga Janairun 2025. Habasha ta hana shigo da ƙananan motoci masu shan mai a 2024. Amma kada mu manta su Habashawa sun tare kogin Nilu da wata gawurtacciyar madatsar ruwa mai ba da wuta. Mu fa?

Kafin in zo kan wuta, ga lissafin da na yi a bayan kwalin sabulu, kowa ya duba ya gani ko na yi kuskure. Mashin ɗina in da kaya lita ɗaya tana kai ni kamar kilomita 40, wato lita ɗaya a rana. A ɗauka lita naira 900 ce. Kwana 26 na aiki ya zama naira 23,400 a wata, ban da baƙin mai da fulogi da wankin kafireto. Shi kuwa mai caji, masana sun ce wajen yunit 4 na wuta yake ci a kilomita 100. Ni ke nan ko yunit 2 ba zan cinye a rana ba. Ko da a farashin nan mai tsada na 'yan sahun farko, wanda aka mayar sama da naira 200 a 2024, a ce 210, yunit biyu naira 420 ne, a wata bai cika 11,000 ba. Ƙasa da rabi. Ɗan acaban da ke yin kilomita 100 a yini kuwa, mai na naira 2,250 zai sha, wuta kuma ta naira 840. Rarar naira 1,400 kullum ba wasa ba ce a gidan mai iyali, cefane ne sukutum.

Da na gama wannan lissafi har na fara tunanin in sayar da ɗan bijimin da nake kiwo in saya. Abin da ya taka mini birki shi ne abin da ya sami ƙanin mai ɗakina. Shi ya riga ni zafin nama. Ya kwashi adashensa, ya haɗa da kuɗin awaki uku, ya je wani gari ya sayo ɗan ƙarami mai kyan fenti a wurin wani dila. Wata uku na farko ba ya gaisawa da masu gidan mai, har tsiya yake yi mini in ya gan ni ina girgiza tanki. Da zafin Maris da Afrilu ya shigo sai cajin ya fara gudu. Abin da ke kai shi Samaru ya dawo da shi, sai ya zama a Kwangila yake mutuwa, ya turo shi da hannu har gida, ga shi da nauyi kamar gawar jaki. Da aka buɗe sai aka tarar batiran dalma ne guda biyar a jere, irin na da. Ya nemi dila, dila ya ce ai ba a ba da garanti a kan batir. Ya tambayi kuɗin sababbi, aka faɗa masa abin da ya kusa rabin kuɗin mashin ɗin. Yau wata na bakwai ke nan yana jingine a zaure, kaji na kwana a kansa. Tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri.

Wani malamin injiniya da ke sayen kayan shayi a wurina shi ya warware mini abin. Ya ce batir shi ne ran wannan mashin, shi ne kuma mafi tsada a jikinsa. Batirin dalma yana da araha amma yana da nauyi, kuma caji 300 zuwa 500 yake ɗauka ya gaji. In kullum kake caji, shekara ɗaya ke nan ko da 'yan watanni, zafin ƙasarmu kuma yana ƙara rage masa kwana. Batirin litiyam mai kyau, irin wanda ake haɗawa da sinadarin ƙarfe, yana iya ɗaukar caji 2,000 ko fiye, wato sama da shekara biyar, ga shi bai kai rabin nauyin wancan ba. To ka ga lissafina na bayan kwali bai cika ba sai an sa kuɗin batir a ciki. Da batir mai kyau akwai riba. Da na banza, duk abin da ka tara na rarar mai, ranar da ya mutu za ka amayar da shi har da ƙari. Ya kuma gargaɗe ni cewa akwai masu tsince ƙwayoyin tsofaffin batiran kwamfuta su naɗe da leda su ce sabon litiyam ne. Irin wannan shi ke kamawa da wuta ana cikin caji, wutar da ruwan bokiti ba ya kashe ta da sauƙi. Mu kuwa da muke shigar da mashin ɗaki saboda ɓarayi, yara na kwance a gefe, a duba wannan.

Sai maganar wuta. Ba sai na gaya wa kowa halin da ake ciki ba. A watan Oktoba na 2024 yawancin jihohin Arewa sun fi mako guda a cikin duhu saboda lalacewar manyan layukan da ke kawo mana wuta. A ce a lokacin duk 'yan acaban Zariya da caji suke aiki, da mai naƙuda sai a baro za a kai ta asibitin Gambo Sawaba. Ko a ranakun da ake kawowa, tiransifomar unguwa da ke kuka in mata sun jona hita, yaya za ta yi in gida hamsin suka jona mashin a dare ɗaya? In kuwa da janareta za a yi cajin, to an gudu ba a tsira ba, fetur ɗin dai aka koma wa ta bayan gida.

Wasu na cewa ai sai a ɗora faifan sola a rufin keke napep ya riƙa tafiya yana caji, shi ke nan an huta. Na tambayi malamin nan, ya yi dariya. Ya ce faifai mai faɗin mita ɗaya da tsawon mita ɗaya, a ranar da rana ta buɗe sosai, wajen yunit ɗaya yake tarawa daga safe zuwa yamma, in ƙurar hunturu ta rufe shi kuma bai kai haka ba. Rufin keke bai fi ya ɗauki biyu ba, keken da ke jan mutum huɗu kuwa cinsa ya ninka na mashin. Zai taimaka, amma ba zai riƙe aikin yini ba. Ni mai bukatar yunit biyu, faifai uku a kan kwanon ɗakina sun ishe ni. Sai dai ga inda gizo ke saƙa: lokacin da rana ke bugun kwanon, ni da mashin muna Sabon Gari. Lokacin da muka dawo gida, rana ta faɗi.

Wannan ne ya sa na gamsu cewa dabarar da ta dace da mu ita ce ta musayar batir. Wato batirin ya zama ana zare shi. Ka zo rumfa da wanda ya ƙare, ka ajiye, a ba ka cikakke, ka biya kuɗin cajin, ka wuce, ko minti biyar ba za a yi ba. Rumfar kuma tana da faifan sola a sama tana cika waɗanda aka ajiye duk yini. Haka kamfanin Spiro yake yi wa 'yan acaba a Kwatano da Lome, kuma a 2024 ya shigo jihar Ogun. Haka wani kamfanin, Ampersand, yake yi a Kigali. Mu ma ai ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Wace unguwa ce a Tudun Wada babu mai rumfar cajin waya? Yaran nan sun riga sun san sana'ar karɓa da lamba da bayarwa da lamba, girma kawai abin zai ƙara. Wani amfanin kuma, in batirin na masu rumfa ne, kai gangar jikin kawai za ka saya, kuɗin ya sauko sosai, in batir ya gaji kuma ba kai za ka yi kuka ba.

Amma ina da tsoro ɗaya a nan, kuma ina so hukuma ta ji. In kowane kamfani ya yi batirinsa da irin bakinsa daban, to wanda ya sayi mashin ɗinsu ya zama bawansu. Ranar da suka ga dama su ƙara kuɗin caji, ranar da suka karye ko suka naɗe tabarmarsu, mashin ɗinka ya zama na kaji irin na surukina. Mun sha wannan wahala a kan cajar waya shekara da shekaru, mai ƙaramin baki da mai babban baki. Hukumar kula da ingancin kaya, SON, da ita NADDC, su tsayar da girma ɗaya da baki ɗaya tun yanzu da abin bai yaɗu ba, yadda kowane batir zai shiga kowane mashin kamar yadda man kowane gidan mai ke shiga tankina. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Yanzu bari in zo kan shi kansa mashin ɗin, domin yawancin waɗanda nake gani ana shigowa da su an yi su ne don wani ɗan birni a Sin mai jakar hannu ɗaya da titi sumul. Mu ba haka muke hawa ba. Mashin a wurinmu shi ne jaki, shi ne amalanke, shi ne motar asibiti. Duk wanda zai ƙera mana, ya fara da kariya ta baya, ta ƙarfe mai kauri wadda za ta ɗauki buhun masara mai kilo 100 ba ta lanƙwashe ba, da shokozoba mai jure haka, da kujera doguwa shimfiɗaɗɗiya. Roba mai ƙyalƙyali ba ta dame mu ba, faɗuwa ɗaya take fashewa. Tayar ta zama daidai da ta Boxer da sauran mashinan da muka saba, haka birki da bakin gilashi da fitila, yadda in ta yi faci a Maigana ko Soba mai facin ƙauye zai cire ya gyara, in wani abu ya karye kuma a same shi a Sabon Gari ba sai an yi waya Legas ba. Ƙananan tayoyin nan kamar na baro, rami ɗaya na watan Agusta ya ishe su.

Na ambaci Agusta. Duk wanda ya san lungunan Tudun Wada da hanyar gona a tsakiyar damina ya san sai ka ratsa ruwa har ƙauri. Lantarki da ruwa ba sa ga maciji. Saboda haka a ɗaga batir sama, a rufe wayoyi ruf, a gwada shi a cikin kwata ta gaske kafin a kawo kasuwa. Bayan ruwa ga ƙurar hunturu mai shiga ko'ina, ga zafin bazara. A yi wa akwatin batir hanyar shan iska, kada a manne shi a inda rana za ta gasa shi in an ajiye a bakin kasuwa.

Gudu kuwa ba ma bukatarsa. Kilomita 50 a awa ya isa, gudu shi ke zuƙe caji, shi ke kuma cika ɗakin karaya a Shika. Abin da muke so ƙarfin jan kaya a tudu. Haka nisa: a ba mu abin da zai yi kilomita 60 zuwa 70 da kaya a caji ɗaya, a faɗa mana gaskiyar adadin, ba wanda aka auna da siririn yaro a kan kwalta ba. Mai zuwa Kaduna ya hau mota. Ƙara batir don nisan da ba za mu je ba ƙarin kuɗi ne da ƙarin nauyi kawai. Shi batirin a yi masa mariƙi kamar na jarka, nauyinsa ya zama wanda ko mace za ta iya ɗagawa, a kuma yi masa makulli na kirki, domin ɓarawon da ke zare batirin fitilar titi ba zai ƙyale wannan ba. In an sa masa 'yar kafar da za a jona ƙwai da fanka da cajin waya da dare, to an gama mana komai, mai gida zai saya ko don wannan.

Akwai abu biyu da na tabbata wanda ya zana a ƙasar waje ba zai tuna da su ba. Na farko tufafinmu. Babbar riga da hijabi da zani, sau nawa muka ga taya ta naɗe su ta fizgo mutum ƙasa? A rufe tayar baya da raga ta gefe biyu, a sa matakin ƙafa mai faɗi don mata masu zaman gefe. Na biyu shirun nan da ya burge ni a PZ. Da na sake tunani sai na ga hatsari ne. A layinmu yara da almajirai da makafi da tumaki duk da kunne suke kauce wa mashin. A sa masa wata 'yar ƙara da zai riƙa yi in yana tafiya a hankali, ba sai an jira hon ba. Sannan a yi mai ƙafa uku ƙarami don tsofaffi da guragu. Masu walda a Kano sun daɗe suna ƙera wa waɗanda shan-inna ta taɓa keken hannu, ƙaramin inji da batir kawai ya rage a ɗaura masa su huta da murɗa.

Wata shawarar da nake ganin ta fi kowacce sauƙi ita ce kada ma a ce sai sabo. Gida nawa ne a Zariya ke da tsohon mashin da injinsa ya buga amma gangar jikin garau? A ƙera mana kayan juyi, wato taya mai inji da akwatin batir da abin murɗawa, bakanike ya cire tsohon inji ya ɗaura. Abin da Gajibo ya yi wa bas ke nan, me zai hana a yi wa mashin?

Na ce bakanike, to a nan ma akwai magana. Abin da ba shi da fistin da ringi da kafireto, ba ya shan baƙin mai, ya rage wa bakanike abinci, haka yaran da ke sayar da mai a galan a bakin titi. Waɗannan 'ya'yanmu ne da ƙannenmu, ba za a ce ko oho ba. A fara koya musu tun yanzu, su da masu rewaya da masu naɗin fanka, domin su suka fi kusa da aikin. A ɗaure kayan da noti, ban da manne su da gam yadda ba za su buɗu ba. Takardar bayani kuma a yi ta da Hausa, boko da ajami. Sannan a tanadi inda za a mayar da mataccen batir a ba mutum wani abu, kada ya ƙare a hannun yaran jari-bola suna fasawa a tsakar gida. Ba mu manta da abin da gubar dalma ta yi a ƙauyukan Zamfara a 2010 ba, inda yara sama da 400 suka rasu. Can daga dutsen zinariya ta fito, amma dalmar dai ita ce a cikin batir.

Abin da ke ba ni takaici, wai shi wannan litiyam ɗin a ƙasarmu ake haƙo dutsensa. A 2024 ma an buɗe masana'antar wanke shi a jihar Nasarawa. A kwashe dutse a tirela a kai waje, a dawo mana da shi batir mu saya da dala. Haka aka yi wa iyayenmu da gyaɗa da auduga.

Kirana na musamman ga malamanmu na nan gida ne. Wane gari ne a Arewa ya kai Zariya makarantu? Ga sashen injiniya na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, waɗanda ɗalibansu suka taɓa ƙera 'yar motar da suka kira ABUCAR don shiga gasa. Ga makarantar koyon fasahar sufuri ta NITT a hanyar Basawa, wadda aikinta ke nan tun asali. Ga kwalejin kimiyya da fasaha ta Nuhu Bamalli. Jami'ar Nsukka ta fito da tata motar mai caji a 2019, aka nuna, aka tafa. To mu mun gaji da abin da za a nuna wa manyan baƙi a tafa a mayar gareji. A ƙera guda goma kacal, a ba 'yan acaba biyar da manoma uku da 'yan tireda biyu, su wahalar da su damina ɗaya da hunturu ɗaya da bazara ɗaya. Duk wata a kira su a tambaye su me ya karye, me ya dame su, a gyara. A kafa rumfar musaya uku, ɗaya a Agoro, ɗaya a PZ, ɗaya a Samaru, a ga yadda za ta kaya. Kuɗin wannan gwaji bai kai na motar babban jami'i guda ɗaya ba.

In abin ya yi kyau aka zo rabawa, don Allah kada a bi ta hannun 'yan siyasa. Mun ga yadda ake yi da taki da keken ɗinki, wanda bai iya hawa ba shi ke samu, washegari ya kai kasuwa. A bi ta ƙungiyoyin 'yan acaba da na 'yan kasuwa da na manoma, a yanka farashi ɗaya sananne ba kuɗin ruwa, mutum ya riƙa biya kullum ko mako-mako daga rarar man da ya samu. Wanda ke iya zubin adashe zai iya wannan.

Ni dai bana na fasa sayar da bijimina. Na kai tsohon mashin ɗina an sake masa ringi, zan lallaɓa shi zuwa baɗi in ga abin da Allah zai yi. Masu karatu da ke da niyyar saye, ku sa a buɗe muku akwatin batir ku gani da idonku, ku tambayi irinsa, ku tambayi kuɗin sabo da inda ake samunsa, a kuma rubuta muku garanti a takarda da sa hannun shaidu. In kuwa malaman Samaru ko na Basawa suna neman wanda za su gwada nasu a kansa, ga ni, ga hanyar Dakace, ga kuma buhunan masara suna jira a gona. Mashin ɗin surukina ma yana nan a zaure, ya ce a zo a ɗauka a buɗe a ga abin da ya kashe shi, kyauta.

  

Naku mai karatu a kullum,
Wani manomi kuma ɗan tireda,
Tudun Wada, Zariya.